Sunan 'Yar Tsana a Ɗan Iya

Ni tela ce, kuma matan unguwar Ɗan Iya da suka yi aure lokacin idona yana da ƙarfi duk sun san kekena. Tela kuwa ba ta rabuwa da ƙyalle. Akwai wani buhu a bayan ƙofar ɗakin ɗinkina, nan nake zuba duk abin da almakashi ya bari, atamfa, leshi, shadda, har da bakin zani mai rubutu. A da buhun nan ba ya taɓa kai rabi. Da an taso daga Islamiyya da yamma sai in ji wata siririyar sallama a zaure, 'yan mata uku ko huɗu, "Mama, a sam mana ƙyalle, 'ya'yanmu ba su da zani." In kore su, su koma bayan ƙyaure su laɓe, in gaji in ɗebo in watsa musu, su yi ta wawa. Ban san ranar da suka daina zuwa ba. Na dai farga wata rana buhu ya cika ya tumbatsa, na ɗinke bakinsa na ajiye wani, shi ma ya cika. Ƙarshe kanikawan bakin titi nake bai wa, su goge hannu. Yaran unguwa suna nan, ƙaruwa ma suka yi, wayoyin iyayensu ne suka riƙe su a ɗaki.

Abin bai tsaya mini a rai ba sai da aka kawo mini takwarata.

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, aiki ya kai shi Abuja. Da ya sami 'ya ya sa mata sunana, kuma tun ranar suna ya ce, "Hajiya, wannan taki ce." Na ɗauka magana ce irin ta ranar farin ciki. Amma bayan rasuwar malam, maigidana, da ya ga gida ya yi mini faɗi, ni kaɗai sai ƙarar keke, sai ga shi ya kawo ta tana 'yar shekara takwas, ya sa ta makaranta nan kusa. Uwarta ta gindaya sharaɗi, ta bakin mijinta, don ita ba za ta iya duban idona ta faɗa ba: in zangon karatu ya ƙare yarinya ba ta saki jiki ba, za su zo su ɗauki abarsu. Na ce to, Allah ya kai mu. A raina na ce sai dai in ba ni na raini uban ba.

Ina son yarinyar nan ta zauna, ba zan ɓoye ba. Na gaji da dafa abincin mutum ɗaya. Na gaji da yin atishawa ba mai ce mini komai.

Yarinya ce mai ladabi, ba kuka, ba rashin kunya. Ta gaishe ni, ta yi salla, ta ci abin da na ba ta, ta wanke kwanonta. Daga nan sai ta haye gado da wata waya mai faɗin faranti da suke kira tab, shi ke nan an rufe kasuwa. Ran nan na leƙa ta kafaɗarta in ga abin da ya fi ni daraja. Wata yarinya ce a ciki mai manyan idanu, takwara tana taɓa ta da yatsa, riga ta canza, ta sake taɓawa, takalmi ya canza.

Na ce, "Takwara, wannan ai 'yar tsana ce."

Ta ce, "A'a Kaka, gem ne."

Na ce, "Wa ya ɗinka mata rigar?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya ɗinka wa kaza gashi. A matsayina na tela na ji haushi, riga ba awo, ba yanka, ba zare.

Ba ta leƙa ko ƙofar gida. In na aike ta sayen daddawa, kafin in juya ta dawo, kanta a ƙasa, ba ta ce wa kowa ci kanka ba. In aka ɗauke wuta cajin ya ƙare, sai ta zauna ta zuba wa bango ido. Na taɓa ɓoye wayar cajin. Ta nema ba ta gani ba, ba ta tambaye ni ba, ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. Kafin magariba ni da kaina na fito da ita na ce a ƙarƙashin filo na tsinta. Duk ranar da uwarta ta kira kuwa, ina madafa ina jin su. "Kin yi ƙawaye?" "A'a." "Kina fita wasa?" "A'a." Kowace a'a sai in ji kamar allura ta shige mini yatsa, don na san can ana tarawa.

To ni na san yadda ake yin ƙawa, don ban manta yadda na yi tawa ba. A zamaninmu 'yar tsana ce take haɗa 'yan mata. Ƙashin ƙafar saniya muke roƙa wajen mahauta, mu kankare, mu shanya, mu liƙa mata gashi da ƙaro, mu ɗiga mata ido da kwalli. Ba hannu, ba ƙafa, amma 'yarka ce, ka goya ta, ka yi mata wanka, ka ƙi cin abinci in an taka ta. Babban abin kuwa shi ne suna. Yarinya in ta yi sabuwar 'yar tsana sai ta bi gida-gida ta gaya wa sa'o'inta. Kowa ta zo da ɗan abin da ta sato a madafa, shinkafa cikin tafin hannu, gishiri a ƙulle a bakin zani, a ɗora gwangwani a kan duwatsu uku a bayan gida. Fara ake kamowa, ita ce ragon suna. A ci abinci rabi ɗanye rabi ƙonanne, a yi guɗa, a yi faɗa, a shirya. Wadda na fara zama kusa da ita a irin wannan taro, ita ta riƙe mini mayafi ranar aurena, ni kuma na yi mata wankan gawa.

Sai na ce da tsohuwar zuma ake magani. Za a yi sunan 'yar tsana a gidana.

Na tari mai keke napep zuwa kasuwar Muda Lawal, na wuce 'yan hatsi na shiga layin mahauta. Na tsaya ina juya ƙasusuwa ina neman miƙaƙƙe mai kai biyu a sama. Mahaucin ya gaji ya ce, "Hajiya, na miya ne ko na magani?" Na ce na haihuwa ne. Ya saki baki, sannan ya tuntsire da dariya ya ce rabonsa da a nemi wannan tun yana yaron shago, yayyensa mata har dukansa suke yi in ya dawo bai kawo musu ba. Ya zaɓo mini da kansa, ya ce kyauta ce, gudummawar kawun jaririya.

Na dafa ƙashin nan, na kankare shi har ya yi fari tas. Na yi mata gashi da baƙin zare, na kitse shi shuku. Na ɗinka mata riga da zani na leshi, da ɗankwali, da ɗan majanyi na saƙi. Ni dai ban taɓa ganin 'yar tsana mai kyan wannan ba, tamu ta da in ta ganta sai ta ɓuya. Na miƙa wa takwara. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta.

Ta ce, "Kaka, ba ta da hannu."

Na ce, "Haka ake haifarsu."

Ta ɗauke ta hoto da tab, ta ce na gode, ta jingine ta da bango. Na ce bari dai ranar suna ta zo.

Saura gayyata. Na san in na ce takwara ta bi gidaje, sai dai a yi suna ni da ita da kaji. Don haka na yafa mayafina, na ƙulla goro da alawa a leda, na bi layinmu gida-gida da ƙafata. Ina shiga in ce, "Ranar Asabar bayan la'asar akwai sunan 'yar tsana a gidana, a turo mini yara." In ajiye goro in fito. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. Alhali ni ce mai yi wa matan yanzu faɗa a kan sanin ya kamata: a garin nan in dattijuwa ta tako da ƙafarta ta ajiye miki goro, ba yaro za ki tura ba, ke za ki tashi. Goro a hannun babba, babba yake kira.

Ai kuwa ranar Asabar ina shimfiɗa tabarma biyu don yara sai na ji guɗa daga zaure. Matan layi ne, reras, an sha ɗauri, an fesa turare. Wannan da kwanon masa, wannan da sabulu, wata har da ɗan tulun roba na wasa wai na wankan jego. Yaran suna biye a baya kamar an ja su da igiya. Wata goggo da ke gidan da ke kallon nawa, wadda ta girme ni nesa, kullum kukanta gwiwa, ita ce a gaba, tana cewa ita ce ungozoma kuma ba ta yarda a yi komai ba ta.

Kafin in ce me, 'yar tsana ta shiga hannu. Aka yi ta miƙa ta ana barka. Aka kushe kitson, wai shuku ya yi wa jaririya girma. Gardama ta tashi, wata ta ce su a cikin gari da kara suke yi, ƙashi na 'ya'yan masu hali ne, wata da ta taso a Inkil ta ce su yumɓu suke ɗebowa a bakin rafi su gina ta har da tukwanenta. Can wata ta tsinci 'yan duwatsu a gindin famfo ta watsa a siminti, sai ga carafke. Matan da ke salla a kan kujera saboda ciwon baya, sai ga su sun baje a ƙasa, ɗauri ya karkace, ana cafe dutse ana rantsuwa an yi maguɗi. Goggo mai gwiwa ta cinye su kaf.

Na juya in ga yaran da aka yi taron dominsu. Suna jere a kan dakali, kowa riƙe da wayar uwarsa, suna ɗaukar iyayensu bidiyo suna ƙyaƙyata dariya. Ko ɗaya babu wadda ta miƙa hannu ta taɓa 'yar tsanar. Takwara kuwa babu ita babu dalilinta. Na ɗaga labulen ɗaki na same ta a ƙuryar gado, ta toshe kunne da abin jin sauti, tab a cinya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Garin neman gira zan rasa ido, na cika wa yarinya gida da baƙi na ƙara korar ta ciki. Saura kaɗan in fito in ce kowa ta ɗauki kwanonta.

Sai wata ta ɗaga murya, "Wai ina mai jegon ne? A fito da ita mana!"

Goggo ta daka mata tsawa daga inda take zaune. "Ke, a garinku haka ake yi? Haihuwar fari ce. Mai jegon fari ba ta fitowa, ba ta magana, ba ta ko kallon ɗan. Kunya ce. Mu za mu shiga mu gaishe ta, ƙawarta ta amsa mana. Ina ƙawar mai jego?"

Ni na san amsar, shi ya sa na sunkuyar da kai ina gyara tabarmar da ba ta karkace ba.

"Ni ne!"

Yarinyar gidan da ke jikin katangata ce. Iyayenta mutanen Dass ne, uwar malamar asibiti ce, ranar Lahadi ina jin waƙoƙinsu kafin su tafi coci. Hausar yarinyar ba ta bambanta mace da namiji. Ni na sa wa yarinyar Rediyo, don tun da ta koyi magana ban ji an kashe ta ba. Na tabbata ba ta san me ake nufi da ƙawar mai jego ba. Ita dai ba ta iya jin an yi tambaya a bar ta a ƙasa.

Goggo ta yafito ta. "Zo nan. Kin san aikin?"

"A'a Goggo, amma zan iya."

"Ajiye wayar nan tukuna. Ki shiga ki zauna kusa da ita, ki lulluɓe mata kai da mayafi. Duk wanda ya ce barka, ke za ki amsa. Abin da aka kawo ke za ki karɓa. Ko ruwa take so, a kunnenki za ta faɗa. In kika bari ta buɗe baki a gaban mutane, kin ba mu kunya."

Rediyo ta ce, "Shi ba zai yi magana ba sam? Ni kaɗai?" Aka ce ita kaɗai. Fuskarta ta washe kamar an ba ta Bauchi da kewaye.

Na bi bayanta ina fargaba. Ta haye gadon ba sallama, ta zare abin kunnen takwara, ta ce, "An ce kai ne mai jego, ni ne ƙawanka. Kar ka yi magana, ni zan yi." Ta ja mayafina da ke rataye ta rufa mata. Takwara ba ta motsa ba. Tun da ta zo gidan nan kowa ce mata yake yi magana mana, fita mana, saki jiki mana, har da ni. Yau ga ɗaki cike da manya suna cewa shirun nan nata shi ne daidai.

Mata suka fara shiga bi da bi. "Barka da arziki, mai jego." Rediyo ta ce, "Yawwa, mun gode, ajiye a nan." "An sauka lafiya?" "Lafiya lau, sai dai ya sha wahala." "Ruwan nono fa?" "Akwai, har ya yi yawa." Ɗaki ya kwashe da dariya. Yaran dakali da suka ji abin ya koma ciki, suka taso suka cika ƙofa, wasu suka kutsa suka hau bakin gado. Goggo ta sa su a layi ta ce su ma sai sun yi barka, ba a zuwa gidan suna a tsaya kallo. Ina kallon mayafin nan sai na ga kafaɗun da ke ƙarƙashinsa suna rawa. Na ce shi ke nan, kuka take. Na matsa na ɗaga gefe kaɗan. Ta cusa bakin mayafi a baki, hawaye na zuba, dariya take har tana shiƙewa. Rediyo ta buge mini hannu ta ce, "Mama, ba a buɗe mai jego."

Da aka zo raɗa suna, goggo ta ce a tambayi uwar ɗiya. Kai biyu suka haɗu a ƙarƙashin mayafi aka yi ƙus-ƙus mai tsawo. Rediyo ta fito ta sanar da wani suna na cikin gem ɗin nan, wanda duk cikinmu ba mai harshen maimaita shi. Goggo ta gwada sau biyu ta kasa, ta ce, "To, ko ma mene ne, Allah ya raya." Aka shafa, aka rangaɗa guɗa, Rediyo ta raba masa tana zaɓar wa mai jego masu zafi.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, 'yar tsanar ba ta yi dogon zamani ba. An goya ta 'yan kwanaki, an canza mata zani sau ɗaya, daga nan na tsince ta a bayan gado ina shara, na ɗora ta a kan kabad, tana nan har yau. Sun koma wa tab ɗinsu. Masu cewa yaran yanzu sun lalace ban bi su ba, mu muka saya muka miƙa musu. Kuma wallahi da a zamaninmu aka ba mu abin da ke canza riga da taɓawar yatsa, da ƙashin nan kare za mu jefa wa. Amma yanzu kai biyu ne a kan tab ɗin, ana faɗa a kan kalar takalmi. Rediyo kuma ba ta iya zama wuri ɗaya, ko caji bai ƙare ba sai ta ja ta su fita. Ni ban san muryar takwarata tana da ƙarfi ba sai da na jiyo ta ta bayan katanga tana cewa wallahi ba ita ta taka layi ba a wasan da suke yi.

Da aka yi hutu uban ya iso da rana tsaka. Uwar ta riga ta yanke hukunci tun kiraye-kirayen farko, an aiko shi ne ya kwaso komai. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha ruwa, yana ta waige-waige. Ya hango tab a kan kujera, ya ɗauka ya danna, a mace.

Ya ce, "Hajiya, ina mutuniyar taki?"

Na ce, "Ta fita."

"Ta fita ina?"

"Oho. Yawo."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Na bar shi ya ɗan jira, don in more. Sannan na je jikin katanga na ce, "Malama, turo mini ita, ubanta ya zo." Aka ce to. Ba ta zo ba. Sai da na sake kira kafin ta shigo, hannuwa biyu ɗaure cikin leda, an ƙunsa musu lalle ita da ƙawarta, tana tafe tana ɗaga su sama kar su taɓa riga. Ta durƙusa ta gaishe shi tana haki.

Ya ce, "Je ki haɗa kayanki, gobe da safe za mu wuce."

Ta ce, "To Baba. Yaushe za ka dawo da ni?"

Ya dube ta, ya dube ni, ya ciro waya ya fita zaure. Ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "A'a, ki tsaya ki ji, ni na gani da idona." Ni kuma na shige madafa na hau hura wutar da ke ci, don kada yarinyar ta ga fuskata.

Da safe wata 'yar jaka suka saka a mota, kayan hutu kawai. Babban akwatinta da kayan makaranta uban da kansa ya tura su ƙarƙashin gadona.